Kafintocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: A koya musu zane da awo kafin a sayo inji

Duk wanda ya aurar da 'ya a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a 'yan shekarun nan ya san cinikin kayan ɗaki ya sauya salo. A da, uba ne zai je wurin kafintan unguwa ya ce a yi gado da kujeru, a daidaita farashi, a sa rana. Yanzu uwar amarya ce ke zuwa da waya a hannu, ta buɗe hoton gadon da ta gani a Facebook ko TikTok, ta ce irinsa take so, da furanninsa da ƙyale-ƙyalensa.

Sau da yawa kafintan yakan duba hoton ya yi shiru, domin ya san ba hannu ne ya fitar da wannan ado ba. An zana shi ne a kwamfuta, inji ya sassaƙa shi cikin 'yan sa'o'i. Idan ya ce zai kwaikwaya da hannu, zai ɗauki kwanaki, farashin ya haura, kuma ɓangaren dama ba lallai ya yi daidai da na hagu ba. Ƙarshenta sai a ɗauki kuɗin a tafi Kano ko Zariya ko Kaduna, a dawo da kaya a bayan mota, kafintan gida kuwa a bar shi da gyaran ƙafar kujera.

Wannan asara ce ga yankin da ke matuƙar buƙatar aikin yi. Maganinta kuwa ba wai a ɗauko manyan injina a raba a filin taro ba ne. Abin da ya fi gaggawa shi ne a koya wa masu sana'ar katako yin zane da awo a waya da kwamfuta, sannan inji ya biyo baya a wuri guda, ƙarƙashin kulawar masu sana'ar da kansu.

Yadda abin yake aiki

Fasahar kashi biyu ce. Kashi na farko shi ne manhajar zane, inda mai sana'a zai zana gado ko ƙofa ko teburi da ainihin awonsa, ya juya shi ta kowace fuska a fuskar kwamfuta, ya ga inda katako zai haɗu da katako tun kafin ya taɓa zarto.

Kashi na biyu shi ne manhajar da ke mayar da wannan zane ya zama umarni ga inji: daga ina za a fara, zurfin nawa za a shiga, da wane sauri za a tafi. Injin da ke bin wannan umarni, wanda a kasuwa ake kira CNC, teburi ne mai faɗi da ake ɗaure katako a kansa, sai wani bakin ƙarfe mai juyawa da sauri ya riƙa yawo gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, yana yanka yana ƙwaƙula.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun a 1952 aka gwada injin yankan ƙarfe mai bin lambobi a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka. A 1963 wani ɗalibi a can mai suna Ivan Sutherland ya ƙirƙiro hanyar yin zane kai tsaye a fuskar kwamfuta. A 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda ta kawo zanen injiniyoyi kan ƙaramar kwamfutar ofis. Abin da ya sauya a shekarun baya-bayan nan shi ne farashi. Masana'antun birnin Jinan na ƙasar Sin suna ƙera injinan katako masu sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da na Turai, kuma akwai manhajojin zane da ake samu kyauta.

Abin lura shi ne, kashi na farko yana da amfani ko da babu na biyu. Mai zane yana iya cin riba ba tare da inji ba, amma mai inji ba shi da abin yi idan babu zane.

Ribar farko tana cikin awo

A ɗauki misalin da kowane kafinta ya sani. Fallen katakon kamfani, irin MDF da filawud da ake yin wadrof da kabad da su, yana zuwa ne da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, wato santimita 122 da santimita 244. Idan mai aiki yana son yanka guda huɗu masu tsawon santimita 61 kowanne, lissafin baki zai nuna masa sun cika cif. Amma haƙoran zarto suna cin kusan milimita 3 a kowane yanka. Yanka uku sun cinye kusan santimita ɗaya, na huɗun ya gaza. Sai an ɓare wani sabon falle saboda guntu ɗaya.

Da tun farko an zana kabad ɗin da santimita 60, da falle ɗaya ya isa. Irin wannan lissafi ne manhaja ke yi cikin ƙiftawar ido. A ba ta jerin guntayen da ake buƙata, ta jera su a kan falle ta yadda ragowar za ta zama kaɗan, ta kuma faɗi adadin fallen da za a saya. Akwai irin waɗannan manhajoji da ke aiki a wayar hannu.

Kafintan da ya san adadin katakon da aiki zai ci ba zai yi ciniki a duhu ba. Rigimar da aka saba gani tsakanin kafinta da mai aiki, inda ake dawowa a tsakiyar aiki a ce kaya sun ƙare a ƙaro kuɗi, galibi daga nan take tasowa. Wani lokaci rashin gaskiya ne, amma sau da yawa rashin lissafi ne. Idan mai aiki ya ga hoton abin da za a yi masa da awonsa da jerin kayan da za a saya, aka amince a kai, an toshe ƙofar musu.

Akwai kuma wata hanya ta tsakiya da ba ta buƙatar babban inji. Ana iya zana adon kan gado ko na ƙofa a kwamfuta, a buga shi a takarda da ainihin girmansa a shagon buga takardu, a manna a jikin katako, a bi layin da ƙaramin zarto. Hannu ne ya yi aikin, amma dama da hagu sun daidaita, kuma gobe idan wani ya buƙaci irinsa, zanen yana nan.

Dalilin da ya sa yankin ya fi kowa buƙata

Tattalin katako a waɗannan ƙananan hukumomi uku ya wuce batun riba. Yanki ne da ke maƙwabtaka da manyan dazuzzuka: Dajin Rugu ta arewa, dazukan Zamfara ta yamma, na Birnin Gwari ta kudu. A Faskari akwai Dajin Kogo, wanda ke cikin dazuka goma da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa. Daga irin waɗannan wurare ne masassaƙa suka saba samo kirya da maɗaci da marke da kawo.

Yau shiga dajin kansa kasada ce. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. A 2021, cikin matakan tsaro da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauka, an hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, an kuma taƙaita zirga-zirga a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Mai sana'ar da kayan aikinsa ke cikin daji shi ne farkon wanda ke ɗanɗana irin wannan hali.

Ko da an samu zaman lafiya mai ɗorewa, itatuwan ba za su dawo cikin dare ɗaya ba. Madobiya, wadda 'yan kasuwar Sin suka yi ta kwasa daga Afirka ta Yamma, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa tun farkon 2017. A taron da aka yi a Panama a 2022, an ƙara da dangin maɗaci da na kawo na Afirka. Duniya ta fara ƙirga waɗannan itatuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma bishiyar maɗaci tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta kai a yanka falanki daga jikinta.

Saboda haka katakon da kafintan Sabuwa ko Faskari ke aiki da shi a yau, mafi yawansa daga nesa yake zuwa, ta kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da kuɗin mota a kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dako ya ƙara nauyi. Duk guntun da ya tafi a banza, an biya kuɗinsa sau biyu: a kasuwa da kuma a hanya.

Ga kuma gasa daga waje. A Oktoban 2023 Babban Bankin Najeriya ya ɗage takunkumin da ya sa tun 2015 na hana masu shigo da wasu kayayyaki samun kuɗin waje a kasuwar hukuma, kuma kayan ɗaki da ƙofofin katako na cikin jerin. Kafintan ƙauye yana gogayya ne da masana'antun da ba su ma san da zamansa ba.

Inji ba kyautar taro ba ne

A nan ne ya kamata a yi hattara. Ƙananan hukumomin uku mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma kamar ko'ina a ƙasar nan, rabon kayan sana'a ya zama ado a ayyukan mazaɓu. An sha ganin yadda ake raba kekunan ɗinki da injinan niƙa, a ɗauki hoto, kafin mako ya zagayo wasu sun isa kasuwa. Idan aka bi wannan hanya da injin sassaƙa, asarar za ta fi girma, domin kuɗinsa miliyoyin naira ne.

Injin da aka fi amfani da shi a shagunan kayan ɗaki yana da teburi mai faɗin mita 1.3 da tsawon mita 2.5, don ya ɗauki cikakken falle. Motar da ke juya bakinsa kaɗai takan ja kilowat 3 zuwa sama, ban da na'urar zuƙe ƙura da kwamfuta. Yana son wuta tsayayya, domin idan ta ɗauke a tsakiyar aiki, katakon na iya lalacewa, bakin ƙarfen ya karye. Mazauna yankin sun san halin wutar lantarki ba sai an faɗa musu ba, kuma ba a manta da ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta.

Bayan wuta akwai gyara. Bakin ƙarfen yana dakushewa, bel yana tsinkewa, na'urorin lantarkin ciki suna ƙonewa. Idan mai gyara yana Kano ko Legas, kayan gyara kuma sai an yi oda daga Sin, injin zai fi daɗewa a rufe da tamfol fiye da a bakin aiki.

Sai batun lafiya, wanda ba kasafai ake maganarsa ba. Hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta cikin hanci. Katakon MDF kuma garin itace ne da aka haɗa da gam mai sinadari, ƙurarsa ta fi laushi. Inji yana tayar da ƙurar da ta ninka ta aikin hannu. Duk wanda zai girka shi ba tare da na'urar zuƙe ƙura da takunkumi da kariyar ido da kunne ba, yana sayen riba ne da huhun yaran shago.

Abin da inji ba zai iya ba

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da fargabar masu sana'a. Masassaƙin ƙasar Hausa ya riga ya ga yadda zamani ke cinye kasuwa. Roba da silba sun kori akushi daga gidaje da yawa, injin niƙa ya rage wa turmi aiki. Idan ya ji an ce ga wani inji da ke sassaƙa da kansa, yana da hujjar ɗaga gira. Kuma gaskiya ne cewa yaron da aikinsa kawai shi ne ƙwaƙule furen kan gado da hannu zai ga aikinsa ya ragu.

Sai dai injin yana da iyaka. Shimfiɗaɗɗen katako busasshe yake so. Gungumen kirya da ake fafe turmi da shi ba zai ma shiga ƙarƙashinsa ba. Bakinsa zagayayye ne, don haka ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi, sai an bi da hannu. Bai san ɗanyen itace daga busasshe ba, bai san inda jijiyar katako ta bi ba, bai san wane itace gara ke ci da wanda take tsoro ba. Mai gizago ne ya san ƙotar fartanya tana son reshen da ya tanƙwaru da kansa, ya san dalilin da ya sa ake neman aduwa idan za a yi allo.

Haka nan haɗa guntaye, gogewa, fenti, ɗinkin kushin da girka kaya a ɗaki, duk suna nan a hannun mutum. Shagon da ya samu damar yanka da sauri yakan karɓi aiki da yawa, aiki da yawa kuwa yana buƙatar hannaye da yawa.

Babban abin da masassaƙa ke da shi wanda babu a cikin kwamfuta shi ne ado na gida. Yawancin furannin da ake gani a gadajen zamani an sauko da su ne daga intanet, zanen wasu ƙasashe ne, shi ya sa gadon Kano da na Legas da na Dubai suke kama da juna. Alhali ga dagi, ga zanen bangon gidajen sarauta, ga zayyanar allo, ga adon da ake ƙonawa a jikin ƙwarya da kujerar tsugunne, ga aska takwas ta babbar riga. Idan matashin da ya iya kwamfuta ya zauna da dattijon da ya iya waɗannan, suka mayar da su zanen da za a iya adanawa, an samu ƙofa da teburi da akwati da babu irinsu a wani wuri. Da tsohuwar zuma ake magani. Sharaɗin kawai shi ne a san mai zanen, a biya shi haƙƙinsa duk lokacin da aka yi amfani da shi, kada ilimin kakanni ya koma fayil da kowa ke kwafa kyauta.

Inji ɗaya, masu amfani da yawa

Tsarin da ya dace da yanki irin wannan shi ne na tarayya. Babu ƙaramin shagon da ke da aikin da zai riƙe injin yana gudu kullum, amma shaguna hamsin suna da shi. Kafinta ya yi zanensa a gida, ya kawo a waya ko a filas, ya biya kuɗin yanka gwargwadon lokacin da aikin ya ci, ya kwashi guntayensa ya koma shago ya haɗa. Tsarin ba baƙo ba ne. Haka ake yi da injin niƙa, haka ake yi da injin tsaga katako a kasuwa.

An gwada irin wannan a Afirka ta Yamma. Tun a 2004 aka buɗe ɗakin ƙere-ƙere na tarayya, irin waɗanda cibiyar MIT ta assasa, a makarantar koyon sana'a ta Takoradi da ke Ghana, inda ɗalibai da mutanen gari ke amfani da injina iri ɗaya. Hikimar ajiye shi a makaranta ita ce akwai malamai, akwai gini, akwai masu koyo da ke shigowa kowace shekara.

Jihar Katsina ba ta rasa wuraren da za a ɗora wannan a kai ba. Akwai Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a Funtuwa, wadda ke kusa da Faskari da Sabuwa. Akwai Ƙauyen Koyon Sana'o'i na Matasa da ke birnin Katsina tun zamanin Gwamna Ibrahim Shema. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, waɗanda ke da malamai da ɗaliban da za su iya koyar da zane. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa kuwa ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙananan masana'antu ta ƙasa, SMEDAN, kafin ya hau mulki, kuma gwamnatinsa ta kafa hukumar KASEDA don irin wannan aiki. Babu wanda zai ce masa bai san ciwon ƙaramin mai sana'a ba.

Abin da ake buƙata shi ne a bi matakai. A fara da horon zane da awo a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, da 'yan kwamfutoci da wutar sola, a lokacin da ba zai hana mutum neman abincinsa ba. Waɗanda suka nuna ƙwazo a tura su inda inji yake su koyi sarrafa shi da gyaransa. Sai an samu masu zane da masu gyara, sannan a girka inji, a miƙa ragamarsa ga ƙungiyar kafintoci bisa yarjejeniya rubutacciya, da asusun da kuɗin yanka ke shiga don sayen kayan gyara.

Wace manhaja, da wane harshe

Zaɓen manhaja ma yana da muhimmanci a wannan yanki fiye da wasu wurare. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni kafin a dawo da su. Sana'ar da ta dogara da manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ko wadda ake biyan kuɗinta da dala duk shekara, tana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya.

Akwai manhajoji irin su FreeCAD da Inkscape da LibreCAD waɗanda kyauta ne, halal ne a kwafa su a raba, kuma suna aiki ba tare da intanet ba. FreeCAD tana da sashen da ke fitar da umarnin inji. Su ya kamata a fara koyarwa da su, maimakon satattun manhajoji da ke yawo a kasuwa, waɗanda kan zo da cutar kwamfuta, su kuma tsaya a ranar da aka fi buƙatarsu.

Galibin waɗannan manhajoji da Turanci suke, yawancin masu sana'ar kuma ba su yi nisa a boko ba. Wannan ba hujjar ware su ba ce. Mutumin da ke riƙe awon ɗaki guda a kansa ba lissafi ne zai gagare shi ba. Abin da yake buƙata shi ne malami mai bayani da Hausa, da gajerun bidiyo da za a tura masa a waya ya riƙa kallo. Abu guda da dole a zauna a kai shi ne sauya awo: kafinta ya saba da inci da ƙafa, inji kuma da milimita aka fi saita shi, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Kuskure a nan kaɗai ya isa ya ɓata falle.

Kada kuma a manta da mata. Zane a kwamfuta aiki ne da ake iya yi daga cikin gida, kuma mata ne suka fi kowa sanin abin da ake so a ɗakin amarya. Yarinyar da ta gama sakandare a Ƙanƙara tana iya zama mai zana wa shaguna biyar kaya ba tare da ta ɗaga guduma ba.

Horo ba kasuwa, wahala ce

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan babu mai saye, kuma babban mai sayen kayan katako a karkara ita ce gwamnati. Makarantun firamare da sakandare suna buƙatar bencina da tebura da ƙofofi da tagogi, asibitoci suna buƙatar kabad da kujeru. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda ke gyara makarantun sakandare don ilimin 'ya'ya mata. Tun a 2017 kuma akwai umarnin shugaban ƙasa da ya wajabta wa hukumomin tarayya fifita kayan gida a sayayyarsu, kuma kayan ɗaki na cikin waɗanda aka ambata.

Hujjar da ake kafawa wajen kai kwangila birni ita ce ƙananan kafintoci ba sa iya fitar da kaya iri ɗaya da yawa a kan lokaci. Zane ɗaya da aka amince da shi yana rushe wannan hujja. Idan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta fitar da zanen benci guda, da awonsa da kaurin katakonsa, ta raba wa shaguna ashirin a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, bencin da zai fito daga kowane shago zai zama ɗaya. Mai duba aiki yana da abin aunawa, kuma idan ƙafar benci ta karye bayan shekara biyu, wanda ya yi shi yana cikin gari.

Shugabannin ƙananan hukumomin uku su ma suna da rawar takawa, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗaɗen ƙananan hukumomi. Ɗaki ɗaya, kwamfutoci goma, sola da albashin malami ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. Ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar kuma zai fi barin abin tunawa idan ya haɗa kuɗin rabon kayan shekara guda ya gina cibiya ɗaya mai aiki.

Ƙungiyoyin kafintoci da sarakunan sassaƙa kada su jira sai an kira su taro. Su ne suka san waye mai sana'a na gaske, waye ɗan karɓar rabo. Su fitar da sunayen yaran da za a horar, su nemi a sa su a kwamitin kula da kayan, su kuma sa dashen itatuwa cikin sharuɗɗan zama ɗan ƙungiya, domin sana'ar da ke sara ba ta shuka tana ƙirga kwanakinta ne.

Iyaye masu aurar da 'ya'ya su ma suna da nasu. Kafin a ɗauki kuɗin kayan ɗaki a nufi birni, a ba na gida dama ya nuna zanensa da farashinsa. Matashin da ya samu aikin gado uku a wata a garinsu yana da abin da zai riƙe shi a gida, yana da dalilin ƙin sauraron masu kiransa daji. A yankin da ya sha wuya irin wannan, ko don haka kaɗai ya isa a ɗauki batun da muhimmanci, a kuma fara tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.